Ranar da Sakata Ya Fita Shi Kaɗai

Shekara goma sha ɗaya Sakata ya yi yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon garinsu, kuma a tsawon shekarun nan babu ɗan gaban da ya taɓa yi masa fatan alheri. Wasa ɗari uku da ashirin da shida ya buga. Ya sha katin gargaɗi saba'in da ɗaya, jan kati biyar, ya ci ƙwallo biyu kacal, ɗayar ma a ragarsu ce. 'Yan kallo ne suka raɗa masa sunan, wai idan aka danna shi a ƙofa ba ta sake buɗuwa. Abokan hamayya suna da nasu sunayen da suke kiransa da su, waɗanda ba sa rubutuwa.

Ba ƙarfin ƙafa ne ya fitar da shi ba, ko da yake yana da shi. Tarkon satar gida ne. Dokar ƙwallo ta ce idan aka turo wa ɗan gaba ƙwallo alhali ya riga ya wuce 'yan baya duka, ya yi satar gida, mai tuta zai ɗaga, a tsayar da wasa. To su huɗu ne a baya: Sakata da Turmi a tsakiya, Bahago a hagu, Kurma a dama. Da zarar Sakata ya ga ana shirin turo ƙwallo sai ya daka tsawa, "Fita!" Su huɗun su zabura gaba lokaci guda, su bar ɗan gaba a bayansu yana raba ido. Kociyansu na farko da igiya ya koya musu, ya ɗaure su a ƙugu su huɗu, duk wanda ya makara sai ya ja 'yan'uwansa ƙasa. Bayan kaka biyu aka kwance igiyar, ba su ƙara buƙatarta ba.

Haɗarin tarkon ɗaya ne. Idan mutum guda ya noƙe bai fita ba, ɗan gaba ya halasta, daga shi sai mai tsaron raga. Nasu mai tsaron ragar, wanda kowa ke kira Gola, ya kan ce shi ne mutumin da ya fi kowa addu'a a filin. Amma Sakata yana da doka: wanda ya ba da umarni ba ya waiwaye. Waiwaye zagin layi ne. A kaka ɗaya sun kama abokan hamayya a tarko sau ɗari da huɗu, kuma ko sau ɗaya bai juya ya duba ko an biyo shi ba.

Yana da shekara ashirin da tara jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke, a wasan da ko kofi babu a cikinsa. Yana kwance a asibiti Ciyaman ɗin ƙungiya ya zo, da turarensa da 'yan rakiyarsa, ya dafa masa kafaɗa ya ce ƙungiya uwa ce. Kafin a cire masa ɗinki uwar ta sallame shi. Wai akwai wani sashe a kwantiraginsa da ya ba su damar haka, sashen da ya sa wa hannu ba tare da ya karanta ba, domin ranar hankalinsa na kan sabuwar riga mai lamba biyar.

Ba son adalci ne ya kai Sakata karatun lauya ba, haushi ne. Ya shiga aji da yaran da suka taɓa liƙa hotonsa a ɗakunansu, suna kallonsa yana ɗingishi yana neman kujerar da zai miƙe ƙafa. Wani malami ya taɓa tambayarsa a gaban kowa ko ya ɓata hanya ne, filin wasa yana can ƙasa. Sakata ya ɗauki littattafai kamar atisaye: shafi arba'in kullum, ko da ciwo ko babu. Jarrabawar ƙarshe ta kayar da shi sau ɗaya, ya tashi ya kayar da ita.

Ofishinsa ɗaki guda ne a saman shagon masu faci. Tebur, kujeru uku, fanka mai ƙara, da warin roba da ke hawowa ta taga. Lauyoyi ba su karɓe shi ba. Suna ce masa lauya mai ƙusa a takalmi, idan ya shigo ɗakin hutunsu wani sai ya janye ƙafafu ya ce, "A kiyaye ƙwauri, ga shi nan." 'Yan ƙwallo kuma suka ce ya zama mai baƙar riga, ya daina gaisawa da talaka. Duka ɓangarorin bai neme su ba. A shari'o'insa ashirin da bakwai na farko, na 'yan haya da 'yan tireda da direbobi, ya ci sha tara. Ba shi da daɗin baki. Yana tsayawa ne a gaban hujjar mutum har sai ta rasa hanyar wucewa.

Ana nan wata safiya ya ji ana hawo matakala a hankali, ana ƙirga wa wani, "Saura ɗaya, ɗaga." Gola ne, matarsa na riƙe da hannunsa. Shi bai daina wasa da wuri ba, mai tsaron raga yakan daɗe. Idonsa na hagu ya yi fari fat, na dama yana ƙifta shi kamar mai kallon rana.

Matar ce ta ba da labarin, Gola yana gyara mata. A wasan kusa da na ƙarshe na kofi wani ya sa masa gwiwa a kai. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya yi amai a ɗakin sauya kaya, ya ce ƙwallo biyu yake gani. Likitan ƙungiya ya ce a cire shi. Sai Ciyaman ya shigo da kansa ya ce babu mai cire shi, mai jiran gadonsa yaro ne, kofi ba abin wasa ba ne. Aka watsa masa ruwa aka mayar da shi. Ya sake shan wani bugun, daga nan idon hagu ya tafi. Na dama yanzu yana bi, likitocin ido sun ce tiyata ce kawai za ta tsayar da shi, kuma ba ta jira. Likitan ƙungiyar ya bar ƙasar tuni.

"Wa ke cikin ɗakin?" in ji Sakata.

Gola ya ce, "Bahago yana nan, shi ne mataimakin kociya yanzu. Kurma ma yana nan, shi ke tuƙa motar ƙungiya, ya shigo da ruwa."

Sakata ya jingina da kujera. Turmi ya rasu shekarun baya, amma ga ragowar layinsa nan cif. Bahago ma ba aboki kaɗai ba ne, shi ke auren ƙanwar Sakata, 'ya'yansu uku.

Sakata ya shigar da ƙara. Ba a daɗe ba lauyan ƙungiya ya neme shi, wani dattijo da ake kira Farin Gashi, wanda ya fara tsayawa gaban alƙalai tun Sakata yana buga ƙwallon tsumma. Bai hawo ofishin ba, daga mota ya aika a kira shi.

"Ɗan'uwa mai ilimi," ya ce ta taga, yana toshe hanci da hankici, "Ciyaman mutum ne mai tausayi. Zai biya kuɗin tiyata, asibitin da suke so. Ku janye ƙara, kowa ya kama gabansa."

"Idon da ya mutu fa?"

"Wannan sai ka shigar da ƙaddara ƙara."

"Ka ce masa mu haɗu a kotu."

"Can babu mai tuta da zai cece ka, ka sani."

Matar Gola ta so a karɓa. Ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ita ido take so ba suna ba. Sakata ya zana mata abin a bayan ambulan, kamar yadda kociya ke zana wasa. Idan suka karɓa, tiyata kawai, daga nan su da yara huɗu sai abin da Allah ya yi. Idan suka fita gaba, shaidu biyu da suka ji da kunnensu, kotu za ta ba da tiyata da diyyar da za ta riƙe gida. Ciyaman bai yi tayin nan ba sai don ya san yana bayan layi.

"Idan ba su zo ba fa?" ta tambaya.

"Su wa? Bahago da Kurma?" Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba.

Gola ya daɗe yana murza gwiwa. "Kyaftin, na tsaya a bayanka shekara tara. Abin da ka ce."

Sakata ya sami Bahago da Kurma a teburin mai shayi na bayan filin wasa, inda suka saba zama tun suna samari. Kurma ya yi ƙiba, Bahago ya fara sanƙo. Ya faɗa musu ranar da za a zauna da abin da ake so su faɗa, wato abin da suka gani, ba ƙari.

Kurma yana juya cokali a kofin da sukari ya riga ya narke. "Ka san dai a ina muke cin abinci."

"Na san a ina Gola yake cin nasa. Matarsa ce ke nuna masa inda kwanon yake."

"Yaya," in ji Bahago, "maganar ɗakin sauya kaya ba ta fita waje. Kai ka koya mana."

"Ni na koya muku, ni kuma na ce ta fita. Ko sai na nemo igiya?"

Suka yi 'yar dariya, ba ta kai ciki ba. Bahago ya kalli Kurma, Kurma ya kalli kofinsa. Daga ƙarshe Bahago ya ce, "To, kai ne kyaftin." Sakata ya biya kuɗin shayin ya tafi. Da ya tsaya minti ɗaya ya kalli fuskokinsu, da ya ga abin da mai shayin ya gani. Amma shi ba ya waiwaye.

Da ya kai sunayen shaidu, magatakardan kotu ya tambaye shi abin da yake tambayar kowa: a fitar musu da sammaci? Sammaci takarda ce ta kotu, wanda aka miƙa wa dole ya zo, ko yana so ko ba ya so. Duk lauyan da ya fara aiki jiya ya san ana fitarwa. Sakata ma ya sani, ya fitar da ita ga shaidu sama da hamsin. Amma ya ji a ransa cewa aika wa Bahago masinjan kotu da takarda daidai yake da juyawa a tsakiyar fili a duba ko ya biyo.

"Babu buƙata," ya ce. "Mutanena ne."

Magatakarda ya ɗaga kafaɗa ya buga hatimi.

Ranar zama kotun ta cika, rabin mutanen 'yan kallon ƙwallo ne da suka zo ganin Sakata cikin baƙar riga. Ciyaman yana layin gaba, yana amsa gaisuwa da kai. Gola ya ba da shaidarsa, Farin Gashi ya tashi ya tambaye shi a hankali ko mutumin da ya ce yana ganin ƙwallo biyu zai iya rantsuwa a kan wanda ya gani ya shigo ɗaki. Aka yi dariya. Sakata bai damu ba, wannan ƙwallon ya san za a turo ta.

"Shaida na gaba," in ji alƙali, wata mace mai tabarau da ba ta son a ɓata mata lokaci.

Aka kira Kurma sau uku a bakin ƙofa. Bai shigo ba. Wani daga baya ya ce ai tun asuba aka tura shi kai ƙananan 'yan wasa wani gari.

"An ba shi sammaci?" ta tambaya.

"A'a, ya mai shari'a."

"Dalili?"

Sakata ya ga babu yadda zai faɗi dalilin a wannan ɗakin. Ya nemi a ɗage zama. Farin Gashi ya miƙe kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi, ya ce ɗan'uwansa mai ilimi ne da kansa ya roƙi a gaggauta shari'ar saboda idon mai ƙara, kotu ta ture wasu ta ba shi rana, yanzu kuma yana neman ƙarin lokaci kamar ana wasan ƙarshe. Alƙali ta ƙi ɗagewa.

Saura Bahago. Yana nan, Sakata ya gan shi tun shigowa, cikin sabuwar riga. Abin da bai so ya lura da shi ba shi ne inda ya zauna: kujera biyu a bayan Ciyaman.

Bahago ya yi rantsuwa. Ya ce eh, yana ɗakin. Eh, Gola ya yi amai.

"Me likita ya ce?"

"Ya ce a duba shi."

"A duba shi, ko a cire shi?"

"An daɗe, ba zan iya riƙe kalma ba."

"Wa ya shigo ɗakin bayan nan?"

"Mutane na shiga suna fita."

"Ciyaman ya shigo?"

"Ina durƙushe ina ɗaure wa wani yaro ƙafa. Ban ɗaga kai ba. Abin da na ji dai, Gola da bakinsa ya ce kada a cire shi. Ya ce ko a makance zai tsare ragar nan."

Gola ya sunkuyar da kai, domin ya faɗi hakan. Kowane ɗan wasa yana faɗin hakan, shi ya sa ake ajiye likita.

"Bahago," in ji Sakata, muryar filin wasa ta fito masa ba da shawararsa ba, "dube ni."

"Ya mai shari'a," in ji Farin Gashi daga zaune, "shaidarsa ce fa. Idan zai yi masa ƙeta, a ba shi kati."

Alƙali ta buga tebur, ta gargaɗi lauyoyin biyu, amma Sakata ta kalla. Ya nemi izinin ɗaukar Bahago a matsayin shaidar da ta juya, ta ba shi, ya yi ta kai masa hari ta hagu da dama. Bahago ɗan baya ne shi ma. Ya tsaya a kan ban gani ba, ban ji ba, har aka tashi. Da ranar hukunci ta zo ba ta ɗauki dogon lokaci ba: babu hujjar cewa an tilasta mai ƙara, an kori ƙara.

Daga kotu gidan ƙanwarsa ya nufa. Bahago ba ya nan, ko kuma yana ciki. Ita ce ta tare shi a tsakar gida, hannunta da kumfar wanki, ko kujera ba ta ba shi ba.

"Ina munafukin mijinki?"

"Yaya, kada ka zage shi a gaban 'ya'yansa."

"Ya ci amanar makaho a gaban alƙali, kunyar yara ce ta rage masa?"

"Kwana nawa yana jiran takardarka, ka sani? Kullum sai ya tambaye ni ko masinjan kotu ya zo. Shi da Kurma sun gama magana: idan takarda ta zo, su kai wa Ciyaman su ce ga shi, dole aka yi mana, wanda ya ƙi zuwa ɗauri ne, wanda ya yi ƙarya bayan rantsuwa ɗauri ne. Da babu wanda zai kore su a kan haka. Kai kuwa ka ce su taso da ƙafarsu, don kowa ya san ra'ayinsu ne. Ciyaman ya kira shi ya ce, tunda ba dole aka yi maka ba, zaɓi."

"Me ya hana shi faɗa mini?"

"Ana faɗa maka magana? Kai dai ka yi tsawa a bi ka." Ta share hannu a zani. "Da kuna yi a fili, wanda ya makara ƙwallo ɗaya za a ci ku. Nan abincin mutum biyar ne. Wanda ya ci ladan kuturu ai ka san sauran."

Ya ce mata daga yau ba shi da suruki. Ta ce Allah ya raka taki gona, ta koma kan wankinta.

Ya kira Farin Gashi a kan tsohon tayin. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce an busa tashi, ɗan'uwa, ba a cin ƙwallo bayan an busa. Sakata ya sayar da motarsa da filin da ya saya da kuɗin wasa, ya haɗa abin da ya samu ya nufi gidan Gola. Matar ta buɗe ƙofa, ta tsaya a cikinta. Ta ce sun je asibiti makon jiya, likitoci sun ce lokacin tiyata ya wuce. Ta karɓi kuɗin duk da haka, ba godiya, ta ce na makarantar yara ne.

"Kyaftin ne?" Muryar Gola ta fito daga ɗaki.

"Ni ne. Zan ɗaukaka ƙara, Gola. Akwai kuskure a yadda alƙali ta ƙi ɗage zama, na samo hukunci uku da..."

"Ka san abin da nake gani duk ranar da tarkonku ya ƙi? Ku huɗu a tsaye can gaba, kowa ya ɗaga hannu yana kallon mai tuta. Ni kuma ga mutum ya taho mini da ƙwallo. Sauke hannunka. An riga an ci."

Matar ta rufe ƙofa.

Sakata yana nan yana aiki, ya sauko daga saman masu faci zuwa ofis mai ɗaki biyu kusa da kotu. 'Yan wasa suna zuwa masa da kwantiraginsu kafin su sa hannu, yana sa su karanta kowane sashe da ƙarfi a gabansa, wanda ya yi tsallake ya koma farko. Ya kai ƙungiyoyi huɗu kotu ya ci uku. Lauyoyi har yanzu suna janye ƙafa idan ya shigo, sai dai sun daina dariya. Bai sake taka filin wasa ba. Shi da Bahago sun haɗu a jana'iza biyu, kowa ya kama gefensa. Kowane ƙarshen wata yana aika saƙo gidan Gola, ana karɓa, ba a amsawa.

A kotun an san shi da abu ɗaya. Ba ya kiran shaida sai da sammaci, ko wane ne. Kwanaki ya kai wa tsohon kociyansu sammaci, mai igiyar nan, wanda zai ba da shaida a kan wani yaro da aka hana albashi. Da kansa ya raka masinjan har ƙofar gida. Tsohon ya juya takardar, ya dube shi sama da ƙasa.

"Haba, Sakata. Ni da na raine ka? Ai kira ɗaya ya isa."

Sakata ya zaro biro daga aljihu ya miƙa masa.

"Sa hannu a nan, Koci. Ka ajiye kwafinka, za ka buƙace shi."